Kowane malami yana ganin foldar akanta: laifin manhaja ne ko na wanda ya saita?

Abu_Hanif_BK:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina son waɗanda suka san Linux su sa baki a nan. Wata makarantar kuɗi a nan Birnin Kebbi ta ɗauke ni in riƙa duba musu kwamfutoci, suna da wata tsohuwar kwamfutar tebur da aka mayar saba, Ubuntu 18.04 ce a kai, an sa mata Samba, manhajar raba fayiloli ta netwok, don malamai su riƙa ajiye tambayoyin jarrabawa da sakamako, shi ma akanta yana da tasa foldar, sai kuma ɗan fotal na duba sakamako da yake kan hostin daban. Ɗan bautar ƙasa ne ya haɗa komai, ya gama hidimarsa ya tafi. To yanzu an gano duk malamin da ya buɗe netwok yana ganin foldar akanta har takardar albashi, kuma ba gani kaɗai ba, gogewa ma zai iya. Mai makarantar ya dage wai Linux ne ba shi da tsaro, in cire in sa Windows Server. Ni kuma gani nake saiti ne. Irin wannan laifin manhaja ne ko na wanda ya saita ta? Kuma komawa Windows zai raba gardama?

sudo_Yauri:
Wa alaikumus salam. Kafin a fara ja-in-ja, shiga sabar ka buga ls -ld a kan foldar, sannan ka buɗe smb.conf, fayil ɗin saitin Samba, ka kwafo mana sashen akanta. Na rantse 777 za ka tarar.

Abu_Hanif_BK:
Kamar kana wurin wallahi. drwxrwxrwx ne, wato 777 ɗin, a smb.conf kuma akwai guest ok = yes da writable = yes, layin valid users, mai lissafa waɗanda aka yarda su shiga, babu shi sam.

sudo_Yauri:
To Malam ai babu wani rami a nan, abin da aka ce manhaja ta yi shi take yi. An ce mata baƙo ya shiga ba tare da fasiwod ba, an ce ya rubuta, ta ce to. Ka gaya wa mai makaranta ko Windows aka sa, idan hannun da ya saita wannan ne zai saita waccan, abu ɗaya za a samu.

Ƙanin_Kowa:
Yayyena don Allah a yi mana bayanin 777 ɗin nan, ni kullum a YouTube idan abu ya ƙi aiki sai a ce chmod 777, kuma da na yi sai ya yi aiki 😅

Injiniya_Jega:
Ƙanena dole shi yi aiki tunda ka buɗe ma kowa komi. Lambobi ukku na. Ta farko ta mai fayil ɗin ta, ta biyu ta rukunin da anka ba fayil ɗin, ta ukku ta duk sauran masu akawun bisa na'urar. Karantawa 4, rubutawa 2, gudanarwa 1, in ka tara su duka 7. Ke nan 777 kowa shina karantawa, shina rubutawa, shina gudanarwa. 750 kuwa mai abu shi yi komi, 'yan rukuni su karanta, saura ko leƙe ba su yi. Amma abin da mutane ba su lura da shi ba, ma'anar lambobin ga folda daban ta da ga fayil. In kana da izinin rubutu ga folda, kana iya goge fayil ɗin da ke ciki ko canza mai suna ko da ba naka ba na, ko da shi fayil ɗin 600 anka sa mai, don gogewa gyaran jerin foldar na, ba taɓa cikin fayil ba. Shi ya sa /tmp take 1777, wancan 1 ɗin na gaba shi ke hana wani goge abin wani. Wanga shi na dalilin da malami ke iya share takardar albashi.

Ƙanin_Kowa:
Kai, ashe haka abin yake. Na gode Injiniya, Allah ya ƙara basira.

Hajiya_Data:
Ni ban yarda a wanke masu manhaja tas ba kamar yadda sudo_Yauri ya yi. Eh ɗan bautar ƙasan ne ya rubuta guest ok, amma ku duba smb.conf da Ubuntu ke zuwa da shi, akwai layin map to guest = bad user a ciki tun daga farko, ma'ana duk wanda ya zo da sunan da Samba ba ta sani ba, maimakon a kore shi sai a karɓe shi a matsayin baƙo. Yaron bai rubuta wannan ba, tarar da shi ya yi. Sannan foldar gida ta kowane mai akawun a Ubuntu 755 take zuwa shekara da shekaru, kowa na karanta ta kowa, sai a 21.04 suka mayar da ita 750 ga sabon girki. In ba su ga matsala ba me ya sa suka canza? Haka MongoDB, manhajar rumbun bayanai, an daɗe ana girka ta babu fasiwod, a Janairun 2017 masu kutse suka bi dubban rumbunan bayanai da ke buɗe a intanet suna gogewa suna barin saƙon neman kuɗin fansa da Bitcoin, daga 3.6 ne ta koma sauraron na'urar da take kai kaɗai sai in kai ka buɗe ta da hannunka. Duk mai ƙera manhaja ya san yawancin mutane ba sa taɓa saitin da ta zo da shi, to in ya bar shi a buɗe da nasa kason a laifin.

sudo_Yauri:
Hajiya na karɓi maganar foldar gida, wannan gaskiya ne. Amma map to guest ba ya ba kowa komai sai an samu foldar da aka ce guest ok. Inda bai rubuta layin nan ba da baƙon zai tsaya a waje.

Hajiya_Data:
Haka ne, amma abu biyu ne suka haɗu suka haifar da ɓarnar, ɗaya nasa ɗaya nasu. Kai kake son a ƙirga ɗaya kaɗai.

Zuru01:
Ni fa ina bayan mai makaranta. Ba don Linux ba shi da tsaro ba, a'a, don wa zai riƙe shi ne. Gobe idan Abu_Hanif ya samu aiki Abuja ya tafi, mutum nawa ne a garin nan za su iya buɗe smb.conf su gane abin da ke ciki? Windows Server da Active Directory kana danna dama ka ga sunayen waɗanda ke da izini ɓaro-ɓaro, ka ƙara ka cire da linzami. Abin da ido ke gani ya fi sauƙin gyara.

Injiniya_Jega:
Zuru01 ofis nawa munka shiga munka iske Everyone da Full Control? Linzamin bai hana ba. Kuma Windows ma tana da nata ruɗani, izini hawa biyu na, na rabawa ta netwok da na NTFS, wato na fayilolin da ke bisa faifan kanshi, wanda ya hi tsanani shi ka aiki in mutum ya shigo ta netwok, amma in ya zauna gaban na'urar ko ya shigo ta Remote Desktop to na NTFS kaɗai ka aiki. Sai ka ga mutum ya ƙulle na rabawa ya bar NTFS buɗe shina ganin ya gama. Ga kuɗin lasisi, na sabar daban na masu shiga daban, makarantar da ta mai da tsohuwar kwamfuta saba ba ta biyan wanga, kwafin sata za a sa, shi kau kwafin sata ana kashe mai abdet don kar shi tona asiri. WannaCry, cutar kwamfuta mai ƙulle fayil ta nemi fansa, a Mayun 2017 ta ramin SMBv1, tsohuwar hanyar raba fayil ta Windows, ta bi, har asibitocin Ingila sunka tsaya, alhali Microsoft ta fitar da gyaran tun Maris.

Zuru01:
Oga ai wannan rashin abdet ne ba izini ba, kar a haɗa.

Kalgo_Coder:
A haɗa mana, don abdet da izini ba sa rabuwa. Ni abin da ya fi tsaya min a tambayar shi ne 18.04. Tallafinta na kyauta ya ƙare tun 2023, kuma tunda wanda ya haɗa ta ya tafi ina shakkar ko an taɓa yi mata abdet. Ko ka saita izini daidai ɗari bisa ɗari, manhajar da ke tsaron izinin ita kanta ana samun rami a cikinta. A 2019 an gano a sudo, manhajar da ke ba mutum damar gudanar da umarni da ikon wani akawun, cewa idan ka rubuta a sudoers, fayil ɗin dokokinta, mutum ya gudanar da umarni da sunan kowa ban da root, wato babban akawun mai iko da komai, in ya buga sudo -u#-1 sai ya zama root ɗin da aka hana shi, sai a 1.8.28 aka toshe. A Janairun 2021 kamfanin Qualys ya fito da wanda aka sa wa suna Baron Samedit, CVE-2021-3156, shi ko sunanka ba ya cikin sudoers za ka zama root, kuma ramin yana nan tun 2011 ba a sani ba. Janairun 2022 kuma PwnKit a pkexec, wata manhaja mai aiki irin na sudo, ramin da ke zaune tun 2009. A nan wane mai saiti za ka zarga? Don haka amsar tambayar Abu_Hanif ba ɗaya ba ce.

sudo_Yauri:
Duka ukun da ka lissafa sai mutum yana da akawun da zai iya buga umarni a kan na'urar. Malamin da ke ajiye fayil ta Samba ba ya buƙatar wannan, a sa masa /usr/sbin/nologin, wanda ke hana shi shiga ya buga umarni, shi ke nan. Ka ga mun dawo kan saiti.

Kalgo_Coder:
To SambaCry fa na Mayun 2017, CVE-2017-7494? Folda mai izinin rubutu kawai yake buƙata, mutum ya ɗora fayil ya sa sabar ta gudanar da shi a matsayin root. Ka haɗa wannan da guest ok ka gani.

sudo_Yauri:
18.04 a Afrilun 2018 ta fito, Sambar da ke cikinta an riga an toshe wannan. Amma na gane inda ka dosa, ba na musun a yi abdet.

Gusau_Net:
Ina gaisuwa daga Gusau. Ni ina ganin kuna kai abin da nisa, sabar nan fa cikin ofis take, ba a intanet ba, kuma yawancin layukan da muke amfani da su ko ka so buɗe ƙofa daga waje ba ta buɗuwa saboda adireshin IP ɗaya ake raba wa mutane da yawa. Lokacin da aka yanke mana netwok a Zamfara a Satumbar 2021 sabobin ofis haka suka yi ta aiki babu abdet babu komai, ba mu ji wani ɗan Rasha ya shigo ba.

Maman_Khairat:
Malam Gusau_Net wa ya ce maka ɗan Rasha ake tsoro? Ɗan SS2 ake tsoro. Fasiwod ɗin waifai na makaranta ko an ɓoye sai ɗalibai sun samu, wayar Android ma tana nuna shi a QR, malami ɗaya ya ba ɗa waya ya riƙe masa an gama. Daga nan duk wata manhajar duba fayil ta waya da ke jin SMB za ta nuna masa foldar tambayoyin jarrabawa, kuma tunda baƙo ne babu suna a log, ba za ka taɓa sanin waye ba. Sannan kar ka manta da AnyDesk da TeamViewer da ake sa wa kwamfutar ofis a bar su da fasiwod na dindindin don oga ya shiga daga gida, su ba ruwansu da ko ƙofa a buɗe take ko a rufe, daga ciki suke fita. Abu_Hanif ka duba ko yaron ya bar irin wannan.

Abu_Hanif_BK:
Maman Khairat zan duba, ban kawo wannan a raina ba. Waifai ɗin kuwa ɗaya ne na ofis da na ɗakin kwamfuta na ɗalibai.

Gusau_Net:
To in haka ne na janye rabin maganata. Rabin dai.

Maman_Khairat:
Ni a aikina abin da na fi gani ba 777 ba ne ma, akawun ɗaya ne da kowa ke shiga da shi. Wata ƙungiyar manoman shinkafa da na taɓa yi wa aiki, sakatare da ma'aji da mai shigar da bayanai duk admin suke shiga, fasiwod ɗin yana manne a jikin allon kwamfuta, ranar da lissafin taki ya canza kowa ya rantse ba shi ba ne kuma babu yadda za a yi a tantance, har zumunci ya so ya ɓaci. Da na ce a raba wa kowa nasa sai shugaba ya ji kamar na ce ban yarda da mutanensa ba, sai da na nuna masa cewa wannan kare mai gaskiya yake yi daga zargi sannan ya sauko. Wani abin kuma akawun na waɗanda suka bar aiki. Colonial Pipeline a Amurka, Mayun 2021, da aka tsayar da bututun mai har gidajen mai suka ƙafe a wasu jihohi, ta wani tsohon akawun na VPN da ba a amfani da shi kuma ba a rufe ba aka shiga, babu tantancewa ta biyu, suka biya fansa kusan dala miliyan 4.4. In babban kamfani ya manta da akawun ɗaya, ina ga makarantar da ɗan bautar ƙasa ya tafi da fasiwod ɗin root a kansa.

Ɗan_Argungu:
A daina ɗora wa yaron nan komai don Allah. An turo shi ya koyar da lissafi aka ce tunda ka iya kwamfuta haɗa mana saba, ba a biya shi ko sisi a kai ba, malamai suna tsaye a kansa suna cewa ya ƙi buɗewa ya ƙi buɗewa, me kuke so ya yi? 777 ya kashe wutar gabansa. Mu nan aikin kwamfuta ba a ɗauke shi aikin da ake biya ba, sai abu ya lalace a tuna da kai.

Zuru01:
Wannan kam gaskiya ce mai ɗaci. Ana gama girki ake ganin an gama da kai.

Ƙanin_Kowa:
Tunda an ambaci fotal, ni akwai wani fotal na sakamako da na lura idan ka shiga adireshin yana ƙarewa da id=214, in ka mayar 215 sai sakamakon wani ya fito da hotonsa da lambar babansa. Wannan ma 777 ne?

Hajiya_Data:
A'a ƙanena, wannan a cikin rubutun manhajar yake. Fotal ɗin ya tambaya ko ka shiga da fasiwod, amma bai tambaya ko takardar da kake nema taka ce ba. Masu harkar suna ce masa IDOR, kuma ba ƙananan fotal kaɗai yake kamawa ba, a 2019 an gano kamfanin First American na Amurka ya bar takardu kusan miliyan 885 a haka, canza lamba ɗaya a adireshi kawai. A jerin manyan haɗura goma da OWASP, ƙungiyar masana tsaron manhaja, ta fitar a 2021 lalacewar tsarin izini ce ta ɗaya, alhali a na 2017 ta biyar ce. Kuma sudo_Yauri ka lura, wannan babu wani saiti da mai makaranta zai taɓa ya gyaru, sai wanda ya rubuta ya koma ya sa a riƙa duba mai takarda a kowace buƙata, ɓoye maɓalli a shafi ba ya wadatarwa. Amma ƙanena ka tsaya iya nan, kar ka ci gaba da ƙirga lambobi kana buɗe na mutane, dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta shiga tsarin kwamfuta ba da izini ba, kyakkyawar niyya ba za ta tsaya maka a gaban alƙali ba. Ka sanar da masu shi a rubuce, kuma kar ka sa sunan wurin a nan.

Ƙanin_Kowa:
To Anti na ji, ba zan sa ba.

Admin_Guruf:
Tunatarwa: ba a saka adireshin fotal ko IP na kowa a nan. Wanda ya saka za a goge.

Ɗan_Argungu:
Ni bangaren hostin nake so in taɓa tunda Abu_Hanif ya ce fotal ɗinsu yana can. Hostin mai araha da muke saye gidan haya ne, ɗakinka naka amma tsakar gida ɗaya da mutum ɗari, in maƙwabci ya bar ƙofarsa ɓarawo ya shigo to yana cikin gidan ke nan. An sha ganin a fasa shafin WordPress ɗaya mai tsohon fulogin, daga nan a yi symlink, wato gajeriyar hanya mai nuni ga wani fayil, zuwa wp-config.php, fayil ɗin saitin WordPress, na sauran masu haya a karanta fasiwod ɗin rumbun bayanansu, idan kamfanin bai killace kowa ba. Kafin ka biya ka tambaye su ko suna da CloudLinux da CageFS, masu killace kowane mai haya a ɗakinsa, kuma ko PHP da sunan akawun ɗinka yake gudana ko da suna ɗaya na kowa. In da sunanka yake gudana ba ka buƙatar 777 ko a foldar ɗora hotuna, 755 ga folda 644 ga fayil sun isa, wp-config.php kuma 600. Sabobin da ke da suPHP ma ƙin gudanar da fayil mai 777 suke yi, su ba ka kuskure 500.

Kalgo_Coder:
Ƙari a kan haka, masu haɗa wa mutane shafi da ke zuba shafuka goma na kwastomomi a akawun ɗin cPanel ɗaya don tsimin kuɗi, CageFS ba zai cece su ba, don duk mai gida ɗaya ne a idon sabar. Ɗaya ya kamu duk sun kamu.

Maman_Khairat:
Kuma a gaya wa mai makaranta wannan ba maganar jin kunya kaɗai ba ce. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 tana nan, hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, ke kula da ita, sunayen yara da lambobin iyaye da albashin ma'aikata duk bayanan mutane ne, kuma idan aka samu ɓarakar da za ta iya cutar da su dokar ta ce a sanar da hukumar cikin awa 72. Wani lokaci sai an ambaci hukuma ake sakin kuɗin gyara.

Abu_Hanif_BK:
Na gode ƙwarai jama'a. To a aikace ta ina zan fara? Ba na son in rufe komai ranar Litinin malamai su taso min.

Injiniya_Jega:
Fara da kwafe komi zuwa faifan waje ka cire shi ka aje, kahin ka taɓa ko layi guda. Sannan ka buga pdbedit -L ka ga wa da wa Samba ta sani, ka duba /etc/passwd da rukunin sudo, duk sunan da ba a san mai shi ba a ruhe. Na yaron da ya tahi kar ka tsaya ga canza fasiwod, duba authorized_keys nashi da na root, don makullin SSH, hanyar shiga saba daga nesa, ba ruwanshi da fasiwod, ka leƙa crontab, jerin ayyukan da ka gudana da kansu bisa lokaci, ma. Daga nan rukuni biyu ko ukku sun isa, malamai, akanta, shugabanni. Foldar akanta chgrp zuwa rukuninsu, chmod 2770, wancan 2 ɗin shi ka sa duk sabon fayil shi gaji rukunin foldar. Ga smb.conf ka cire guest ok, ka sa valid users = @akanta, create mask 0660, ka buga testparm kahin ka sake tada Samba. Amma kar ka yarda da abin da ka rubuta, ɗauki kwamfutar wani malami ka shiga da akawun nashi ka gwada buɗe foldar akanta, ka gwada da waya bisa waifai ba tare da suna ba. Windows tana riƙe tsohon shiga, sai ka buga net use * /delete ko ka sake kunna ta, in ba haka ba gwajin ƙarya za shi yi maka. Ka yi aikin ranar Asabar.

sudo_Yauri:
Ƙari ɗaya, chmod a kan foldar sama ba ya gyara abin da ke ciki, tsofaffin fayiloli suna nan da 777 ɗinsu. Kuma kar ka yi chmod -R da lamba ɗaya ga duka, yi amfani da find ka raba folda daban fayil daban. Sannan in ka yi mv daga wata folda a kan faifai ɗaya, fayil yana tafiya da tsohon rukuninsa da tsohon izininsa, 2770 ba za ta taɓa shi ba.

Zuru01:
Kun ga abin da nake faɗa? Layi nawa ke nan. Wa zai tuna duk wannan bayan Abu_Hanif?

Hajiya_Data:
A nan kam ina tare da Zuru01 rabi. Ba Windows ce amsa ba, amma a rubuta komai a takarda, wa ke cikin wane rukuni, me ya sa, a sa fasiwod ɗin root a ambulan a ba mai makaranta ya kulle. Amma har yanzu ina kan bakana, manhajar da sai ka san abubuwa goma sha kafin ta zama a rufe, masu ita ba su gama aikinsu ba.

sudo_Yauri:
Ni ma ina kan nawa Hajiya 😄 wanda bai karanta ba kar ya girka wa mutane saba.

Abu_Hanif_BK:
Wata sabuwa kuma, mataimakin shugaban makaranta yana son in ba shi sudo don ya riƙa sake tada Samba idan wuta ta ɗauke ba na nan, ya ce kuma ya riƙa gyara smb.conf da kansa in an ɗauki sabon malami.

Kalgo_Coder:
Na farkon babu laifi, buɗe da visudo ka rubuta masa umarni ɗaya tak da cikakkiyar hanyarsa, systemctl restart smbd, ba systemctl tsirara ba. Ko da yake in ka yi systemctl enable smbd ita da kanta za ta tashi in wuta ta dawo, ka kuma saita BIOS na'urar ta kunna kanta. Na biyun kuwa a'a. In ka ba mutum sudo a kan vim ko less ko find ka ba shi root ne gaba ɗaya, a vim :!sh kawai zai buga. Ko sudoedit ka ba shi, wanda ke iya gyara smb.conf yana iya raba / duka da force user = root. Ɗaukar sabon malami ma ba ya buƙatar taɓa fayil ɗin, ƙara shi a rukuni ne da smbpasswd -a.

Gusau_Net:
To rukunin docker fa, manhajar nan mai gudanar da wasu manhajoji a killace cikin kwantena? Wani yaro da ke min aiki ya ce in sa shi a ciki don ya daina damuna da sudo.

Kalgo_Coder:
Root ne shi ma, takardun Docker da kansu sun faɗa. Zai iya tada kwantena ya ɗaura / na sabar a ciki ya karanta ko ya canza duk abin da ya ga dama, kuma ba za a tambaye shi fasiwod ba. In dai ba za ka iya ba shi root kai tsaye ba to kar ka sa shi, ka duba Podman ko Docker marar root.

Gusau_Net:
Tun watan jiya yake ciki. Bari in kira shi.